Injin matse boris ɗin mota: Abin da ya kamata ka sani kafin ka fitar da kuɗinka

Alamar takan fara ne da wani ɗan gurnani daga ƙarƙashin mota, wanda direba ba ya jin sa sai ya hau babban titi. Yana ƙara gudu gurnanin na ƙaruwa. Idan ya karya kwana zuwa wani gefe sai ƙarar ta lafa, ya karya zuwa ɗaya gefen kuma ta dawo da ƙarfinta. Duk wanda ya daɗe da mota ya san fassarar wannan: boris ɗin ƙafa ya fara ci. Shi ne zoben ƙarfen nan da bai wuce cikin tafin hannu ba, wanda ke ɗauke da nauyin mota yayin da taya ke juyawa. Idan aka yi biris da shi har ya watse, taya na iya cijewa ko ta kwanta gefe, wani lokacin ma ta rabu da motar ana tsaka da gudu.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur, riƙon mota ya zama wani nauyi na daban. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki darajar naira, dalar da ake samu kusan naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. Da yake galibin kayan gyaran mota daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi dala. Matasa da dama da ke da mota, musamman waɗanda ita ce jarinsu, sun koma koyon ƙananan gyare-gyare a YouTube: canjin baƙin mai, takalmin birki, fulogi. Amma a kan boris wannan himma takan ci karo da bango, domin aikin na buƙatar ƙarfin da ake aunawa da tan, ba da damtse ba.

A nan ne maganar injin matsa ke shigowa. Wani tsayayyen firam ne na ƙarfe mai ɗauke da jak, wanda ke tura tsohon boris waje ya kuma zaunar da sabo. Masu sayarwa kan tallata shi da lamba ɗaya tak, wato tan nawa yake matsawa. Wannan lamba tana da amfani, sai dai ita ce mafi ƙanƙanta cikin abubuwan da ya kamata mai saye ya duba.

Shin motarka ma tana buƙatarsa?

Ba kowane boris ake matsawa ba, kuma akwai waɗanda suka sayi injin kafin su gano haka. Boris ɗin ƙafar ƙananan motoci ya kasu kusan gida uku. Akwai tsohon samfuri mai siffar mazurari, wanda Ba'amurke Henry Timken ya yi wa rajistar ƙirƙira a 1898. Ana cire shi da hannu, a wanke, a cika shi da giris, a ɗaure da noti. Irinsa ne a ƙafar baya ta Golf 3 da ta cika tashoshin motarmu. Akwai kuma na zamani da ke zuwa a dunƙule tare da hob, wato faifan da ake ɗaura taya a jikinsa. Wannan notuna kawai ake kwancewa a sauya shi ɗungurungum, kamar na ƙafar baya ta Toyota Corolla ƙirar 2003 zuwa 2008, da Camry ta zamaninta, masu notuna huɗu.

Na ukun shi ne mai wahala. Rufaffen zobe ne mai layi biyu na ƙwallayen ƙarfe a ciki, wanda aka cusa da ƙarfi cikin dunƙulen ƙarfen da ke haɗa taya da shokabzoba da sitiyari. Wannan dunƙule shi za mu riƙa kira gidan boris. An yi ramin gidan ya ɗan fi boris ɗin ƙanƙanta da abin da ido ba ya gani, kuma wannan matsin ne ke riƙe shi. Haka ƙafar gaba ta Corolla da Camry ɗin da aka ambata take, haka ta Honda Accord ƙirar 2003 zuwa 2007, da Peugeot 406, da ita kanta Golf 3. Ke nan mota ɗaya tana iya buƙatar injin a gaba, a baya kuma sifana ta wadatar. Kafin komai, sai mutum ya nemi lambar boris ɗin motarsa ya ga hotonsa.

Abin da guduma ke yi wa sabon boris

A garejoji da yawa babu wannan inji. Abin da ake yi shi ne a ɗora gidan boris a kan dutse ko tsohon rim, a ɗora guntun ƙarfe, a sa babbar guduma. Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon ana yi wa motata haka. Ba a yi wata uku ba gurnanin ya dawo, aka ce mini ai boris ɗin ne na jabu. Mai yiwuwa ne. Amma akwai wani bayanin da ba a cika faɗa wa masu mota ba.

Boris zobe biyu ne, na waje da na ciki, da ƙwallaye a tsakaninsu suna gudu a kan hanyar da aka goge ta sumul. Duk bugun da ya ratsa ta cikin ƙwallayen nan yana lotsa hanyar, ya bar ƙananan ramuka a jere. Injiniyoyi sun raɗa wa wannan lahani sunan Johan August Brinell, ɗan ƙasar Suwidin da ya fito da hanyar auna taurin ƙarfe a 1900, ta hanyar danna ƙwallon ƙarfe a jikinsa a auna girman lotsawar. Ramukan ba sa ganuwa daga waje, kuma boris ɗin zai juya lafiya a hannu ranar da aka ɗaura shi. Sai mota ta yi tafiya, ƙwallayen su riƙa faɗawa ramukan sau dubbai a kowace tafiya, har hanyar ta fara ɓarewa. Mai mota ya sake sayen wani, ya sake biyan kuɗin aiki, laifin kuma ya tafi kan ɗan kasuwa.

Injin matsa yana kawar da bugu, ya maye gurbinsa da turi a hankali kuma a miƙe. Amma shi ma idan aka ɗora shi a kan zoben da bai dace ba, lahanin da zai yi ɗaya ne da na guduma. Za mu dawo kan wannan.

Daga ina ƙarfin yake fitowa?

Ƙa'idar tsohuwa ce. Bafaranshe Blaise Pascal ya bayyana a ƙarni na 17 cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen mazubi yana isa ko'ina a cikinsa daidai wa daida, sannan Joseph Bramah ya yi rajistar injin matsa na farko mai aiki da wannan ƙa'ida a Ingila a 1795. A ɗauka ƙaramin fistin da hannu ke bugawa faɗinsa santimita 1 ne, babban kuma santimita 5. Fuskar babban ta ninka ta ƙaramin sau 25. Idan sandar bugawa ta ninka ƙarfin hannu sau 20, to nauyin kilo 20 da mutum ya danna zai fito a matsayin kilo 10,000, wato tan 10, in an cire ɗan abin da gogayya ke ci. Abin da ake biya a madadin haka shi ne yawan bugu, domin kowane bugu ɗan taƙi kaɗan yake tura sandar.

Tan nawa ya isa?

Waɗanda aka fi samu don ƙananan ayyuka su ne masu tan 6, da 12, da 20. Mai tan 6 na kan teburi ne, ya dace da boris ɗin babur ko na injin ban ruwa, amma gidan boris ɗin mota sau da yawa ba ya ma shiga cikinsa. Mai tan 12 yana iya yawancin ƙananan motoci idan babu tsatsa. Shigar da sabon boris cikin tsaftataccen rami ba ya cin ƙarfi mai yawa. Fitar da tsohon ne ke gwada inji.

Wani zai ce tsatsa ba matsalarmu ba ce, tunda ƙasarmu busasshiya ce. Sai dai akasarin motocin da muke hawa 'yan Kwatano ne, sun yi rabin rayuwarsu a wata ƙasa. Wadda ta fito daga arewacin Amurka ko Kanada ko arewacin Turai ta shekara da shekaru tana taka titunan da ake watsa wa gishiri lokacin dusar ƙanƙara, kuma wannan gishiri kan haɗe boris da gidansa kamar an yi musu walda. Ga kuma ruwan damina da motocinmu ke kutsawa cikinsa a unguwannin da babu magudanai. Irin wannan ƙafa na iya kai mai tan 12 maƙura.

Shi ya sa a ganina, wanda ya yanke shawarar saye ya nemi mai tan 20. Dalilin ba wai aikin na cin tan 20 ba ne. Injin da ke aiki a rabin ƙarfinsa ya fi aminci a kan wanda ake ƙure wa iyaka, firam ɗinsa na lanƙwasa, mutum na tsaye a gabansa. Akwai kuma wata 'yar dabara a lambar kanta: tan na Amurka kilo 907 ne, ba 1,000 ba, don haka injin da aka rubuta wa tan 12 da ma'aunin can bai kai tan 11 ba da namu. Fiye da haka, lambar takarda ce aka manna. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, amma mai saye a Ƙofar Ruwa da ke Kano, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, ba shi da hanyar gwada ko jak ɗin ya kai abin da aka rubuta. Abin da ke hannunsa shi ne ya duba ƙarfen da idonsa.

Abin dubawa a gaban mai shago

Na farko shi ne faɗi. A tafi kasuwa da tef ɗin awo, in da hali ma da tsohon gidan boris. Wannan dunƙule ba shi da siffa mai daɗin ajiyewa, yana da hannaye da ke miƙewa ta kowane gefe, kuma dole ya kwanta daram a ƙarƙashin sandar matsa. Tsakanin ginshiƙan mai tan 12 yawanci bai kai rabin mita ba, na mai tan 20 kuwa yakan ɗan haura haka. Wannan tazara ita ce babbar fa'idar babban injin, fiye da ƙarin ƙarfinsa. A duba kuma ratar da ke tsakiyar gadon injin, domin ta nan hob zai faɗo idan an turo shi. Idan faifan hob ya fi ratar faɗi, sai an yi ta ɗora ƙarafa a kan juna, kuma a irin wannan tsibi ne abu kan zame ya yi tsalle.

Firam mai siffar harafin H, wanda gadonsa ke hawa da sauka a kan ramukan ginshiƙai, ya fi mai siffar A amfani ga wannan aiki. A lura da kaurin ginshiƙan da na sandunan da gadon ke zama a kansu. Idan na gwaji ne a shagon kuma ramukan sun fara zama kamar ƙwai, ƙarfen ya yi laushi. Waldar da ta yi ƙuraje ko ramuka abin gudu ce, ko da an shafe ta da jan fenti. Inda aka haɗa da notuna, a duba kawunansu: masu ƙwari suna ɗauke da lamba 8.8 ko 10.9. Sannan a girgiza sandar matsa da hannu. In tana lilo sosai hagu da dama, za ta riƙa tura boris a karkace, ya ci bakin raminsa.

Abin da aka fi mantawa da shi su ne farantan ƙarfe biyu da ake ɗora aiki a kansu. Masu arha sukan zo da na ƙarfen zubi, wanda ba ya lanƙwasa ya yi gargaɗi, sai dai ya fashe gaba ɗaya ya watsa gutsattsari. Ana gane shi da kaushin fata da layin zubi a gefe. A sauya su tun ranar farko da yankakken farantin ƙarfe mai kaurin aƙalla santimita biyu, wanda masu sayar da ƙarafa za su yanka maka.

Agogon awon matsi yana da daraja ga sabon shiga, domin shi ke nuna cewa ƙarfi na ta hawa alhali babu abin da ke motsi, alamar an manta wani abu ko an ɗora aikin a karkace. Samfurin da ke aiki da iskar kwamfuresa kuwa, a halin da wutar lantarkinmu take, ƙarin kashe kuɗi ne kawai. Na hannu ya wadatar. Wanda ke amfani da jak mai siffar kwalba yana da wata fa'ida a nan: in jak ɗin ya lalace, ana samun madadinsa a kowace kasuwar kayan mota. Kada a zuba masa man birki idan mansa ya ragu, domin yana kumbura robobin ciki ya lalata su. Man jak ake nema.

Ƙirar gida

Masu walda a Panteka ta Kaduna da makamantanta suna ƙera wannan inji, kuma babu wani sirri a cikinsa da ya fi ƙarfinsu. Na gida mai kyau, da aka yi da kakkauran ƙarfe, yakan fi wasu na kwali ƙwari, ga shi mai saye na iya faɗin faɗin da yake so. Haɗarin shi ne babu wanda ya lissafa iyakar firam ɗin. Jak mai tan 30 a kan firam ɗin da ba zai jure tan 10 ba tarko ne. A nemi maƙerin da ya taɓa yi, a je a ga wanda ya ƙera yana aiki a wani gareji. A kuma tabbata jak ɗin a tsaye yake zaune, domin jak na yau da kullum ba ya aiki idan aka kifa shi, tunda daga gindinsa yake zuƙo mai.

Inda ake ɗora ƙarfi

Inji shi kaɗai ba ya aikin. Ana buƙatar kofunan ƙarfe masu faɗi daban-daban da za su zauna a kan zoben da ake so, da filaya ta cire zoben kulle, da sifana mai awon ƙarfin ɗauri, da gilashin kare ido. Tsohon zoben boris da aka ɗan rage wa faɗi da injin gurza ƙarfe yana zama kofi mai kyau.

Tsarin aikin kuwa, ana fara turo hob waje. Kusan kullum rabin zoben ciki yakan biyo shi ya maƙale, sai an cire shi da abin jan boris, ko a tsaga shi a hankali ba tare da an ji wa hob rauni ba. Daga nan a cire zoben kulle da ke cikin ramin. Tsatsa da datti kan ɓoye shi, kuma wanda ya manta da shi zai yi ta bugun jak har gidan boris ya tsage. Bayan an fitar da tsohon, a goge ramin tas, a shafa ɗan mai.

Ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci ita ce ƙarfi ya bi ta zoben da ake cusawa kaɗai. Lokacin shigar da sabon boris cikin gidansa, zoben waje ake dannawa, kada kofi ya taɓa na ciki. Lokacin shigar da hob cikin boris kuwa, dole a tokare zoben ciki daga ƙasa, in ba haka ba hob zai tura shi waje ta cikin ƙwallayen. A motoci masu birkin ABS da yawa, ɗaya fuskar boris ɗin tana ɗauke da maganaɗisu wanda na'urar birkin ke karantawa. Idan aka juya shi baibai, fitilar ABS za ta kama, kuma babu yadda za a fitar da shi ba tare da an lalata shi ba. Ana gane fuskar ta hanyar kusanto da ɗan siririn ƙarfe, zai manne.

Ƙarfen boris mai tauri ne ƙwarai, irin wanda ke fashewa maimakon lanƙwasa. Sa'ad da tsatsa ta saki, takan saki ne da ƙara kamar harbin bindiga. Mutum ya tsaya a gefe, ya kori yara daga wurin, kuma in ya ga gadon injin ya fara lanƙwasa ya sassauta jak ya sake duba zaman aikin.

Ko bayan an mayar da ƙafa jikin mota da sauran aiki. Babban notin shaf shi ke matse zoben ciki biyu wuri ɗaya, kuma kowace mota da ma'auninta. A motoci da dama ya haura nitan-mita 200, a Corolla ɗin da aka ambata 216 ne. Ɗaurin da aka yi da dogon bututu da tsalle a kai ba awo ba ne. Kada a sauke mota a tura ta kafin a ɗaure notin nan, kuma tunda an kwance ƙafa, sai an je an yi saitinta.

Boris ɗin kansa

Jabu dai akwai shi, kuma manyan kamfanoni irin su SKF, NSK, NTN, Koyo, FAG da Timken sun daɗe suna kokawa da masu kwaikwayon kwalayensu. Ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya tana da gangamin yaƙi da jabu, SKF kuma tana da manhajar waya mai suna SKF Authenticate da ake tura hoton kaya don a tantance. Farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa alama ce, haka rubutun da ya dusashe a jikin zobe. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da lambar kayan. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya mai aibi, amma ba tare da shaidar ciniki ba maganar ba ta zuwa ko'ina.

Lissafin ƙarshe kafin saye

Boris mai kyau da aka ɗaura daidai yana shekaru. Mai mota ɗaya zai iya buƙatar injin nan sau biyu ko uku kacal a duk zamansa da motar, ga shi yana cin wuri, yana kuma buƙatar daɓen siminti da za a kafe shi. Ga irin wannan mutum, abin da ya fi sauƙi shi ne ya kwance gidan boris da kansa, ya kai wurin masu injin sassaƙa ƙarfe ko garejin da ke da injin matsa, ya biya kuɗin matsawa kawai, ya kuma tsaya ya ga a kan wane zobe aka ɗora kofi.

Akwai kuma akwatin kayan aiki mai dogon noti mai zare da kofuna, wanda ke jan boris ya fitar da shi ƙafa na jikin mota. Ya fi arha, yana shiga but, kuma da yake ba a raba gidan boris da shokabzoba, sau da yawa saitin ƙafa ba ya gocewa. Rauninsa shi ne ƙafar da tsatsa ta ci sosai, inda zaren notin kan cinye kafin boris ya motsa.

Wanda sayen injin zai yi wa riba shi ne mai motocin haya biyu ko uku, ko matashin da ke shirin buɗe gareji, ko direbobin tasha ɗaya da za su haɗa kuɗi su ajiye shi a hannun bakanikensu. Injin yana kuma fitar da robobin hannun ƙafa da boris ɗin Keke Napep, yana miƙar da ƙarfen da ya lanƙwashe, don haka a gareji ba ya zaman banza. Su ma sai su ware kuɗin farantai da kofuna da sifana mai awo tun a lissafin farko, domin ba sa zuwa cikin kwalin.